Maɗaciyar ragon layya

A shekarata ta farko a makarantar koyon aikin jinya, hadda kawai nake yi. Ranar gwaji aka tambaye mu inda ake yin ruwan maɗaciya, na rubuta "a maɗaciya" ko ɗar ban ji ba. Ai sunan ya faɗa. Malam ya zabga mini jan biro.

Ban gane kuskurena sosai ba sai da Babbar Sallah ta zo. Kawu na feɗe rago, ya ɗago hanta, ya sa bakin wuƙa a hankali yana ɓamɓare 'yar koriyar jakar da ke manne a ƙarƙashinta.

"Matsa can, ɗiyata," ya ce, "in ta fashe mun yi asarar hanta."

Na ƙi matsawa. Na tsuguna ina kallon siririyar hanyar da ta haɗa jakar da hantar. Ashe ita jakar, wato maɗaciya, rumbu ce kawai. Hanta ce mai aikin: a jikin babban mutum nauyinta ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, kuma dare da rana tana tsatsar da ruwan nan mai ɗaci, wajen rabin lita ko fiye a kullum. Ita maɗaciya abin da take ɗauka bai wuce mililita 50 ba, don haka sai ta tsotse ruwan ta bar shi da kauri, ta jira. Da maiƙo ya shiga farkon ƙaramin hanji, hanjin ya aika saƙo ta jini, sai ta matse. Ruwan ya farfasa kitse ƙanana-ƙanana, yadda sabulu ke yi wa kwanon miyar da ta sha manja. Jiki ma ba ya almubazzaranci da shi: kusan kashi 95 cikin 100 na gishirin da ke ciki ana sake tsotse shi a ƙarshen hanjin, ya koma hanta.

Shi ya sa wanda aka cire wa maɗaciya yake ci gaba da cin tuwonsa. Doki da raƙumi ma ba su da ita sam.

Fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ita ma ke zuba ruwanta a farkon ƙaramin hanjin, ita ce ta fi ba ni wuya, don ni da insulin kaɗai na san ta, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Alhali yawancin jikinta aikin narkarwa yake yi. Ruwanta na kashe kaifin tsamin da ya gangaro daga tumbi, ya narkar da sitaci da nama da kitse. Abin da har yau yake burge ni: sinadarin narkar da naman a kulle take sakin sa, sai ya isa hanji ake buɗe shi. Ba don haka ba, da ita zai fara ci, tunda ita ma nama ce.

Kawu ya wurga maɗaciyar bayan katanga, na zagaya na ɗauko ta a leda.