Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Nono Ya Ƙi Barci

A makon jiya na tsaya a inda shanuna suka kai 11, ana tatsar 7, a garken da na kafa ta hanyar Madarunfa. Yau zan ba ku labarin ranin da ya kusa raba ni da sana'ar.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar an rufe iyakarmu da Najeriya ta Ɗan Isa, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu. Da damina ban ji a jikina ba, ciyawa ko'ina, shanu na ƙoshi. Sai da hunturu ya busar da daji na ga inda na yi sake. Dusar alkama da kulin auduga da nake saye wajen masu shigo da su daga Katsina da Kano suka yi wuya, in ma an samu kuɗinsu ya tashi. Harawar waken gonata kuwa da hannuna na sayar da ita tun da kaka, lokacin da take arha, don in biya kuɗin makarantar yara. Kawuna ya ce mini, "Kai yaro, mai shanu ba ya sayar da harawa." Ban ji ba. Da bazara na riƙa bin amalanke ina sayen dami a kan ninkin abin da na sayar.

Shanu suka rame, madara ta ragu. Babu wuta balle firji, wadda aka tatsa da yamma sai a dafa ta a kan itace don kada ta tsinke.

Cikin wannan hali ne jar saniyata, 'yar jinsin Azawak, wadda ta fi kowace madara, ta tashi da hantsa a kumbure. Gefe ɗaya ya yi tauri da zafi, in an taɓa sai ta kai shuri, abin da ke fita kuma ruwa-ruwa ne da gudaji. Don gudun kuɗin likita na shiga kasuwa, na sayi kwalbar allura a kan tebur, cikin rana, na tsira mata. Na ci gaba da tatsar sauran nonuwan uku ina haɗawa da madarar garke.

Kwana biyu sai ga Hajiyar da ke sayen madarata tun ina da saniya biyu. Da kanta ta zo, ga ƙwarya a hannu. Ta buɗe faifai ta ce, "Ɗana, duba. Tun ina budurwa nake kwantar da nono, ban taɓa ganin wanda ya kwana bai yi barci ba sai naka. Me ka zuba?" Na rantse mata ban sa ko ɗigon ruwa ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce, "Ruwa ba ya hana barci." Ranar ba ta dama fura ko ɗaya ba, marayun jikokinta uku kuwa da wannan furar suke ci. Har yau in na tuna yadda ta rufe ƙwaryar ta juya, zuciyata takan sosu.

Likitan bisashe ne ya warware mini. Maganin da na tsira yana fita ta cikin madara, yana kashe ƙwayoyin da ke mayar da ita kindirmo. Ya nuna mini a jikin kwalbar, an rubuta kwanakin da za a zubar da madara bayan allura, ni ban ko karanta ba. Ya ce, "Malam, nono ya ƙi barci ne shi ya sa kuka gani. Yaran da suka sha madarar fa?" Na rasa ta cewa.

Ya zagaya garken yana nuna mini da sanda: kashi ya taru inda suke kwanciya, tsumma ɗaya ake goge hantsar kowace da shi. Ya ce a wanke hannu da sabulu, a tatsi mai ciwo daga ƙarshe, a fara tsirta madarar farko a baƙin faranti don a ga gudaji tun da wuri. Da an gama tatsa a zuba musu abinci su ci a tsaye, domin kafar nono takan ɗauki wajen rabin awa kafin ta rufe, in saniya ta kwanta cikin ƙazanta a lokacin cuta ke shiga. Jar saniya ta warke, amma nono ɗaya ya mutu.

Na biya Hajiya asararta, na sayar da bijimi ɗaya na sayi abinci. Kawu ya ara mini wani yanki na fadamarsa a bakin Gulbin Maradi, da damina ta faɗi na shuka wake da dawa don shanu kawai. Da kaka na yanke harawa tun ganyenta bai kaɗe ba, na shanya a inuwa, na jibge a kan rumfa. Likitan kuma ya koya mini gyaran kara: a daddatsa kilo 100, a narka takin ure kilo 5 a ruwa a yayyafa, a danne cikin rami a rufe da leda mako uku. Karan yakan yi laushi, shanu su cinye har guntun da suka saba bari. Ba a ba ƙananan maruƙa, kuma awon ure ba a ƙara shi da ka, yana kisa.

A daren da muka rufe ramin farko na sayi littafi na fara rubuta abin da kowace saniya ke ci da litar da take bayarwa. Bayan wata biyu lissafi ya nuna mini shanu biyu da ke cin ribar sauran, ɗaya kuwa ita ce wadda mahaifina ya bar mini. Yadda muka ƙare da Inna a kan sayar da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.