Abin da gizakar fayin ta koya mini a dazukan Jelfa

Duk wanda ya yi karatun gandun daji a Aljeriya ba zai rasa sanin gizakar da ke cin ganyen itacen fayin ba, wato itacen nan mai siraran ganye kamar allura. Tsutsa ce mai gashi, wadda uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, masana na kiransa Thaumetopoea pityocampa. Tana ko'ina a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, daga Sifen da Faransa zuwa Turkiyya da Maroko, amma a yankin Jelfa na gan ta da idona, lokacin da aka tura mu aikin sanin makama a dazukan da aka dasa don tare hamada.

Babban abin da na ɗauko daga can shi ne, ranar da kowa ya ga ɓarna, lokacin magani ya riga ya wuce. Da hunturu ne fararen sheƙun siliki ke bayyana a kan rassa, musamman ɓangaren da rana ke duka, a lokacin ne kuma jama'a ke kai kuka a zo a yi feshi. Alhali maganin da aka fi dogara da shi, ƙwayar bakteriyar Bacillus thuringiensis, sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa sannan yake kama cikinta, kuma ƙananan tsutsotsi ya fi kashewa. Hasken rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki, ruwan sama na wanke shi. In an jira har tsutsa ta yi ƙwari ta shige sheƙarta, kuɗin feshin kusan asara ne.

Shi ya sa aikin gaske tun lokacin zafi yake farawa, lokacin da dajin ke nan lafiya lau a ido. Ana rataye tarkuna masu ɗauke da ƙanshin da macen malam-buɗe-littafin ke saki don jan namiji, mazan su faɗa ciki. Kowane mako sai a zagaya a juye tarko, a ƙirga, a rubuta. Da farko aikin na gundurar ɗalibi, don ba ka ganin abin da ka ceta. Amma wannan ƙirgen ne ke nuna makon da tashin ƙwarin ya kai ƙololuwa, daga nan a lissafa wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ƙwai su ƙyanƙyashe. Macen kwana ɗaya ko biyu take rayuwa, ta manna ƙwanta a jikin siraran ganyen, ta rufe su da ɓawon jikinta. Mun koyi neman waɗannan ƙwai a itatuwan bakin daji, inda ta fi son sauka. Wani tsohon ma'aikaci da ke jagorantarmu yakan ce mana, "Yarana, littafin ƙirge shi ne maganin, feshi biyo baya yake yi." Har yau ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

Akwai kuma abin da ya koya mini haƙuri. A ƙarshen hunturu tsutsotsin na saukowa a jere, kan wannan a wutsiyar waccan, su shige cikin ƙasa su dunƙule, kafin su rikiɗe su zama malam-buɗe-littafi. Wasu sukan fito a shekarar, wasu kuwa su kwanta shekaru a ƙasa kafin su tashi. Ke nan dajin da aka ce an share bana yana iya cika baɗi daga abin da ke binne. Ana ɗaura wa kututture wani abin wuya mai jaka don tare masu saukowa, ana sare sheƙa a ƙone, ana kafa wa ƙananan tsuntsaye masu cin tsutsar akwatunan kwana. Alhudahuda ma yana tono su daga ƙasa da dogon bakinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke wadatarwa shi kaɗai. Kuma ba a taɓa sheƙa sai da safar hannu da abin rufe fuska, domin gashin na sa ƙaiƙayi mai tsanani, yana kumbura ido, yana iya ruɓar da harshen kare. A 2022 Faransa ta sa wannan tsutsa cikin halittun da doka ta ɗauka masu cutar da lafiyar ɗan Adam.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin matsalar. A farkon shekarun 1970, zamanin shugaban Aljeriya Huwari Bumadiyan, aka soma shingen itatuwan da aka tsara zai ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 1,500, kuma matasa masu hidimar soja ne suka yi yawancin dashen. Kusan iri ɗaya aka dasa, fayin ɗin Halab, a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Tamkar an cika wa ɓera rumbu ne an bar masa ƙofa a buɗe. Cin ganye sau ɗaya ba ya cika kashe itace mai lafiya, sai dai ya rage masa girma. Amma in aka maimaita shekara bayan shekara, ga fari, itacen kan raunana har ƙwarin da ke huda ɓawo su ƙarasa shi.

Wannan ne ke dawo mini duk lokacin da ake maganar katangar itatuwa ta yankin Sahel, wadda ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya. Ba fayin muke dasawa ba, amma duk tsarin dashen da aka kawo gabana, nakan fara duba iri nawa aka gauraya, sannan in nemi inda aka ware kuɗin mutumin da zai riƙa zagayawa yana duba ganye yana rubutawa bayan an gama bikin dashe.