Daga Nima Zuwa Elmina

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Nima da ke Accra, a Ghana, ni da Kawu da ƙanwata, don mu tsallake Kasoa kafin cunkoso ya rufe hanya. Kawu ba ya wuce garin nan bai tuna mana cewa sunan daga bakinmu ya fito ba, wai "kasuwa" ce harshe ya lanƙwasa. Tsakanin Accra da Cape Coast bai fi kilomita 150 ba, amma sai da muka ci kusan awa huɗu.

Bayan Mankessim da Saltpond teku ya fara leƙo mu ta hagu, tsakanin bishiyoyin kwakwa. A Yamoransa muka sayi dokunun Fante, tuwon masarar da ake naɗewa da ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yaji.

Ranar Talata ce, kuma masuntan yankin ba sa shiga teku ran Talata. Saboda haka muka tarar da bakin ruwan Benya a Elmina cike maƙil da kwale-kwale, kowanne da fentinsa da tutarsa, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru. Idona bai taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba. Farin ginin nan na Elmina kuwa, inda aka riƙa tsare bayi, yana tsaye a kansu, tas kamar an wanke shi.

Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, zinariya ce ta kawo su. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872, har Sarkin Asante Prempeh an tsare shi a ciki a 1896. Mai yi mana jagora ya sauka da mu ɗakin da ake tara mata bayi. Iska ba ta shiga sai ta wata ƴar kafa, kuma har yau akwai wani ɗoyi da ya kama bango. Daga tsakar gidan ya nuna mana barandar gwamna, inda yakan tsaya ya zaɓi wadda yake so a hau masa da ita. Ƙanwata ta riƙe hannuna gam. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi kuwa, wadda ba a dawowa ta cikinta, sai na karkata kafaɗa kafin na iya leƙa waje.

A nan ne jagoran ya ambaci Salaga. Ya ce da yawa daga arewa aka koro su a ƙasa, a yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso. Gabana ya faɗi. Ni a labarin goro na san Salaga, garin da kakanninmu fatake suke zuwa da jakuna, muna alfahari da shi a gida.

Kawu bai ce uffan ba sai da muka fito rana. Ya tsaya yana kallon ruwa, ya ce, "Ɗana, kasuwar ɗaya ce. Hanyar da goro ya bi, ita mutanen nan suka bi."

Da niyyar mu wuce gandun dajin Kakum mu hau gadar igiya muka fito, amma babu wanda ya sake tayar da maganar. Muka yi la'asar a zangon Cape Coast, Kawu ya daɗe yana addu'a. Dokunun ƙanwata yana cikin leda har muka iso Kasoa.