Eriyar kama wuta daga iska: inda aiki ya tsaya a zangon GHz 2.45

'Yan uwa masu koyo, eriyar da muke haɗawa don ta kama siginar rediyo, dayod ya mai da ita wutar lantarki, an yanka ta, an kuma gwada ta. Allon FR4 ne (allon da ake shimfiɗa da'irar lantarki a kai) mai kaurin milimita 1.6, an bar jan ƙarfen bayansa gaba ɗaya. A fuska an fitar da faci mai faɗin milimita 37 da tsawon 29, layin da ke shiga cikinsa kuma faɗinsa milimita 3, don ya ba da om 50.

Tsawon nan shi ne wurin lura. Lissafi yana ɗaukar lambar FR4 (dielectric constant, wadda ke nuna yadda allon ke rage saurin sigina) a matsayin 4.4, amma allo da allo ba sa zama ɗaya, kuma kuskuren milimita guda yana ture eriyar da kusan MHz 80, wanda ya isa ya fitar da ita daga inda ake so. Don haka ku yanka milimita 30, ku haɗa da na'urar awon eriya NanoVNA V2, ku riƙa kankare bakin facin da reza kaɗan-kaɗan kuna kallon ramin S11 (wurin da siginar da ke komawa baya ta fi ƙanƙanta) yana matsawa sama har ya zauna a GHz 2.45. Wanda ya yanka gajere tun farko sai dai ya sake allo. Ku janye hannu kafin ku karanta, domin yatsa kusa da facin ma yana karkatar da awon.

Sai maganar dayod. Tazarar mita ɗaya kawai tsakanin eriyar aikawa da ta karɓa tana cinye dB 40, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na siginar ne ke saura. In na'urar aikawa tana fitar da miliwat 100, kowace eriya kuma tana ƙara dBi 3 (wato tana ninka ƙarfin sau biyu), abin da zai iso bai wuce maikurowat 40 ba, wato kimanin mV 60 a ƙololuwar siginar a kan om 50. Dayod irin 1N4148 yana neman kusan mV 600, ko motsi ba zai yi ba. Dayod SMS7630, mai aiki da ƙaramar sigina, ne ya dace, da kafasita pF 100 a bayansa. A liƙa shi daf da layin, domin a wannan zango ko gajeriyar waya ta zama naɗi (indakta).

Abin da ya rage shi ne daidaita dayod da eriyar. Turjiyarsa ba om 50 ba ce, tana kuma canzawa da ƙarfin siginar, shi ya sa wani kaso mai yawa na wutar ke komawa baya in an haɗa kai tsaye. Gwaji na gaba: ɗan reshen layi da za a riƙa datsewa, da rezista mai juyawa ta kilo-om 10 don gano lodin da ya fi ba da wuta. Kafin nan ku tabbata eriyoyin biyu suna tsaye iri ɗaya, don in ɗaya ta kwanta a gicciye awon zai faɗi warwas.