Darussa daga GP7, kan jirgin da aka ƙera don sauƙin gyara

Duk mai koyon aikin kan jirgin ƙasa mai dizal da lantarki ya kamata ya tsaya ya karanci GP7 da kyau. Reshen kamfanin General Motors da ake kira EMD, a garin La Grange na jihar Illinois a Amurka, shi ya fitar da shi a 1949, kuma kafin a daina ƙera shi a 1954 an yi sama da guda 2,700. Wanda ya gabace shi, BL2, an yi masa kwalliya sosai amma ko guda 60 ba a sayar ba. Injiniya Dick Dilworth, wanda ya jagoranci aikin GP7, ya ajiye maganar kyan gani, ya dubi wahalar direba da ta bakanike.

A tsofaffin kawuna irin su F7, bangon jikin jirgin yana cikin abin da ke ɗaukar nauyi, don haka bakanike yana aiki ne a wani matsattsen lungu a ciki, ga zafi ga ƙara. A GP7 shasi ne kaɗai ke ɗaukar nauyin. Murfin injin siriri ne mai ƙofofi a jere, da hanyar tafiya a kowane gefe. Ka buɗe ƙofa, ga injin a gabanka. Direba ma yana ganin gaba da baya, ba sai an juya kan jirgin ba. A ganina wannan ne babban dalilin karɓuwarsa, fiye da ƙarfin injinsa.

Injin shi ne 567B, mai silinda 16, ƙarfin doki 1,500, yana juyawa sau 800 a minti idan an kai abin ba shi wuta mataki na takwas, wato na ƙarshe. Abin da ɗalibi ke saurin mantawa shi ne injin nan ba ya taɓa ƙafafun jirgin ko kaɗan. Janareta yake juyawa, wutar kuma ta tafi ga injinan lantarki huɗu, kowanne a kan gatarinsa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu. Giyar da aka fi sa masa ita ce mai haƙora 62 da 15, gudunta ya tsaya wajen kilomita 105 a awa. Hatsarin yana wurin tafiyar hawainiya. Idan jirgi ya ɗauki kaya mai nauyi yana hawan tudu a ƙasa da kilomita 15 a awa, an kuma sake masa wuta duka, lantarkin da ke shiga injinan ƙafa yana yawa, kwayil ya yi zafi, rufin wayar ya fara ƙonewa. Dizal ɗin zai ci gaba da ruri lafiya lau, kunne ba zai ji komai ba. Shi ya sa agogon auna wuta da ke gaban direba yake da alamar iyakar mintunan da aka yarda allura ta zauna a sama. Wanda ya wuce su, ko jirgin bai tsaya a ranar ba, ya rage wa injinan kwana.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi damun masu gyaran 567B. Robobin da ke tare ruwan sanyaya inji a jikin silinda suna sakin jiki idan sun tsufa, ruwa ya gangara ya gauraya da baƙin mai, ko kuma kan silinda ya tsage ya tsiyaya a kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa. Idan aka tayar da inji da ruwa a silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Don haka injin da ya daɗe a kashe, ana fara buɗe ƙaramin bawul na gwaji da ke kowace silinda, a juya injin a hankali zagaye ɗaya, a duba ko ruwa zai feso, a rufe, sannan a tayar. Idan an samu silindar da ta lalace, ana zare kanta da silindar da fistin da sandarsa a sa wasu, ba tare da an sauke injin ba. A injin 567C da aka sa wa GP9, magajin GP7, a 1954, mai ƙarfin doki 1,750, an sake tsarin ruwan da bututu, yoyon ya ragu ƙwarai. Irin wannan 567C ɗin, amma mai silinda 12, shi ne a cikin kan jirgin G12 da aka sayar wa ƙasashe da dama, har da Najeriya.

Baƙin mai ma ba kowanne ake zuba masa ba. Mazaunin ƙusar fistin an shafe shi da azurfa, kuma sinadarin zinki da ke cikin man manyan motoci yana cinye azurfar. Injin da aka bari yana aiki a tsaye awanni da yawa kuma, mai ba ya ƙonewa sosai, sai ya taru a salansa, ranar da aka ba shi wuta ya feso shi baƙi ƙirin a kan murfi.