Godiya Ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Tafiyar Baba Zuwa Kenya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifinmu da mahaifiyarmu da ƙannena nake rubuta wannan saƙo daga Aboabo, nan Kumasi, domin in sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa Baba ya dawo gida, yana cin abinci, yana kuma takawa da ƙafarsa zuwa masallacin unguwa. Da yawa daga cikinku sun ji labarin rashin lafiyarsa gutsure-gutsure ta waya, wasu ma abin da ya iso kunnensu ya fi abin da ya faru muni, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda al'amarin ya kasance, in kuma gode wa waɗanda Allah ya kawo mana taimako ta hannunsu.

Baba ya shafe sama da shekara 40 yana fataucin shanu tsakanin Bawku da Paga da kasuwar shanu ta Kumasi, kuma tun ranar da ya ga garken namun dajin Masai Mara a talabijin yake cewa yana so ya gan su da idonsa kafin ƙarfinsa ya ƙare. Da ya cika shekara 74 sai mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi, aka wakilta ni in raka shi. Mun tashi daga Akara a watan Agusta, muka yi kusan awa 6 a sama kafin mu sauka Nairobi, washegari kuma muka nufi filin jirgi na Wilson, inda ƙananan jiragen da ke shiga daji suke tashi.

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. Ƙa'idar waɗannan jirage ita ce kilo 15 ga kowane mutum, har da jakar hannu, kuma sai jaka mai laushi, domin akwati mai tauri ba ya shiga ma'ajiyar kayan da ke ƙarƙashin cikin jirgin. Da aka auna kayanmu aka ga sun zarce, sai na fitar da babbar rigar sanyin Baba na bar ta a ajiya, ina ganin ai ƙasar Afirka ce, sanyinta ba zai wuce na hunturunmu ba. Ban yi la'akari da cewa dajin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500 ba, kuma Yuli da Agusta su ne watannin sanyi a can.

Jirgin da muka shiga Cessna Caravan ne, mai inji ɗaya da farfela a hanci, fasinjojinsa ba su wuce goma sha biyu ba. Babu labule tsakaninmu da matuƙi, kana ganin hannunsa a kan kowane maɓalli. Da muka ratsa saman babban kwarin da ya tsaga ƙasar Kenya, iska ta riƙa ɗaga jirgin tana sakinsa, Baba ya riƙe hannuna yana maimaita addu'ar hawa abin hawa. Matuƙin ya waiwayo ya yi masa alama da hannu cewa ya kwantar da hankali, kuma duk lokacin da za mu shiga wata girgiza sai ya faɗa mana tun kafin ta zo. Tafiyar da mota ke yi a awa 5 zuwa 6 ta hanyar Narok, jirgin ya yi ta cikin minti 45, sai dai ya sauke wasu fasinjoji a wani fili kafin namu, kamar yadda trotro, motar haya ta Gana, ke yi tasha-tasha. Filayen kuwa jar ƙasa ce da tsakuwa, babu kwalta, babu katanga.

Kwana biyu na farko sun biya mana buƙata. Mun ga zaki da giwa da ɓauna da raƙumin dawa, mun ga dorina da kada a kogin Mara, amma abin da ya kai Baba can shi ne dabbar da suke kira nyumbu, mai ƙirar saniya da gemu, wadda sama da miliyan ɗaya ke ƙetarowa daga Serengeti ta Tanzaniya a wannan lokaci na shekara. Da motarmu ta tsaya a kan wani tudu, garken ya baje har iyakar ganin ido, Baba ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ce da ni: "Ka ga garke ba makiyayi, ba sanda, amma kowa ya san hanya. Allah ne ke kiwonsu." Na ga hawaye a gemunsa.

A dare na uku, bayan fitar asuba biyu cikin buɗaɗɗiyar mota, zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar. Filin jirgin da ke kusa da masaukinmu ba shi da fitilu, jirgi ba ya sauka sai gari ya waye, ga ruwan sama da aka fara tun bayan isha'i. Ban taɓa ganin dare mai tsawon wannan ba.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah Maɗaukaki, tana ga jagoranmu, saurayi ɗan ƙabilar Masai, wanda tun ranar farko suka shaƙu da Baba a kan hirar tozo da ƙaho da kiwon rani, yana kiransa Mzee, wato dattijo. Shi ya cire jan bargon da ke kafaɗarsa ya lulluɓe Baba, shi ya kwana a bakin tantinmu, kuma da asuba shi ya ɗauki mota ya bi filin jirgin daga wannan kai zuwa wancan har sau uku, yana gwada ko ƙasar za ta ɗauki taya, yana korar jakunan dawa da suka kwana a kai. Sai da ya tabbatar sannan aka ba jirgin agaji izinin tasowa. Ina gode wa shugabar masaukin da ta kwana tana waya da likita a Nairobi, da mai dafa abinci da ya riƙa kawo ruwan zafi da citta, da matuƙi da ma'aikaciyar jinyar da suka sauka a wannan fili mai danshi da tukunyar iskar numfashi, suka kai mu asibiti kafin hantsi. Likitoci sun ce sanyi ne ya kama masa huhu, suka riƙe shi kwana biyar, kuma ban ga gazawarsu ko ta minti ɗaya ba.

Ƙanwata ta cancanci ambato na musamman. Ita ce ta dage tun muna gida sai an biya inshorar ɗaukar marar lafiya ta jirgi, alhali ni ina ganin ƙarin kashe kuɗi ne kawai. Ba don wannan takarda ba, da ban san inda zan samo kuɗin jirgin agaji a tsakiyar dare a ƙasar da ban san kowa ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

A Nairobi na je sallar Juma'a a masallacin Jamia, inda na haɗu da wani dattijo ɗan kasuwa wanda bai taɓa ganina ba, amma da ya ji abin da ya kawo ni, kullum sai ya aiko ɗansa asibiti da abinci mai ɗumi har ranar da aka sallame mu, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Kalmar godiya a harshen Swahili ita ce asante, kuma Baba ya ce tun da yake zaune a ƙasar Asante bai taɓa furta sunanta sau da yawa kamar a wannan mako ba.

A nan gida kuma, muna gode wa limamin masallacinmu da jama'arsa da suka sa Baba a addu'a bayan kowace salla, da tsofaffin abokan sana'arsa na kasuwar shanu da suka yi karo-karo suka turo ta waya ba tare da mun roƙa ba, da maƙwabtanmu mata da suka riƙa kwana tare da Hajiya domin kada tunani ya yi mata yawa. Kawu da ya taso daga unguwar Nima a Akara ya tarbe mu a filin jirgi, ya kuma kawo mu har Kumasi a motarsa, Allah ya saka masa da alheri. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ina roƙon su yafe mini, domin Kenya tana gaban Gana da awa 3, sau da yawa kiran kan zo ne ina gefen gadon Baba cikin dare.

Likita ya ce Baba ya ƙara hutawa na mako biyu, don haka masu son zuwa dubiya muna roƙon su zo tsakanin la'asar da magariba. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a yi saukar Alƙur'ani da addu'ar godiya a ƙofar gidanmu bayan an sauko daga masallaci, kuma muna gayyatar kowa da kowa.

Wassalamu alaikum.