Yadda Muka Sake Tsarin Zama a Ajinmu na Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar gwamnati a Sabon Garin Zariya ya san yadda rajistar aji take. Bahaushe da Bafulatani, Bayarabe da Ibo, Bajju da Atyap da Banufe, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa da ɗan sojan barikin Basawa, duk suna shafi ɗaya. Haka unguwar take tun da layin dogo ya iso a zamanin Turawa aka ware ta domin baƙi, mutanen Birni kuma suka zauna cikin ganuwarsu. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandare a nan.

Yaranmu ba dambe suke yi ba, shi ya sa aka daɗe ba a kula ba. Sai ka shiga aji ka tarar Musulmi sun tattaru ɓangaren taga, Kiristoci ɓangaren ƙofa, babu wanda ya umarce su. 'Ya'yan Fulani da ke tasowa daga ruga, da yaran da suka fara karatun allo kafin a kawo su boko da girmansu, su ne a can baya, a ƙasa, tunda benci ba ya isa kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu. In aka fita tara kuwa, nan za ka ji "arne", ka ji "ɗan daji", ka ji ana kwaikwayon Turancin Bahaushe ana dariya.

Ba daga sama yaran suka ɗauko wannan ba. Iyayensu sun ga rikicin 1987 da ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, sun ga na bayan zaɓen 2011, sun ga harin da aka kai coci-coci a Wusasa da Sabon Gari a 2012. Da yawa sun sauya unguwa don su zauna cikin nasu. Yaron da ba a haife shi ba a lokacin ya gaji tsoron, bai ma san mafarinsa ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana wariya, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta, amma rabon benci aikin malamin aji ne.

Da ma ana yin nasiha a taron safe, ana kuma yin ranar al'adu, kowa ya sa kayan garinsu a yi rawa. Ba na raina su. Sai dai washegari kowa na komawa ɓangarensa.

Abin da ya motsa mu shi ne da muka zauna mu 'yan kaɗan, da iznin shugaban makaranta, muka duba su wa ake naɗawa monita, su wa ke shara, su wa ake turawa gasar kacici-kacici, su wa ke shan bulalar makara. Abin bai yi daɗin gani ba. A mafi yawan azuzuwa, monita ɗan addinin malamin ajin ne. Masu shan bulala kullum kuwa yaran ruga ne, waɗanda sai sun taya tatsar shanu sannan su kamo hanya a ƙafa. Da muka kawo maganar ofishin malamai, wani dattijo cikinmu ya ce, "Malama, kada ki tono mana abin da ya kwanta." Na ce masa, "Baba, bai kwanta ba, yaran ne ke ɗauke da shi." Ofishin malamai ya fi aji wuyar sha'ani, domin babu mai son a ce masa yana nuna bambanci, kuma yawancinmu da gaske ba da niyya muke yi ba.

Muka fara da zama. Maza da mata suna nan a layukansu daban kamar da, amma kowane layi ya koma bin jerin sunaye na rajista, kuma duk Litinin masu gaba su koma baya, na bayansu su matso. Zaman ƙasa ya zama na kowa da kowa. Monita ya koma mutum biyu da 'yan aji ke zaɓa, ba daga ɓangare ɗaya ba. Lokacin darasin addini, da can 'yan addinin da ba su da yawa a ajin ne kullum ke kwasar littattafansu su tafi ƙarƙashin darbejiya; yanzu karɓa-karɓa ake yi, mako-mako. Yaran nesa kuma aka ɗaga musu ƙafa a kan makara.

A makon farko ajina tsit yake. Akwai yarinya Bafulatana da jerin suna ya haɗa da wata 'yar Kudancin Kaduna. Kowace ta matse a bakin benci, suka ajiye jaka a tsakani. Na ba da lissafin riba da faɗuwa, na ce a yi bibbiyu. Bafulatanar ba ta iya karanta tambayar da Turanci sosai ba, amma da aka karanta mata, kafin abokiyar ta gama jan layi ta faɗi amsa, don ita ke riƙe kuɗin nonon da mahaifiyarta ke sayarwa. Daga ranar, ɗaya ke karantawa ɗaya ke lissafi.

Iyaye sun zo. Wani uba ya tsaya bakin aji ya ce, "Malama, me ya sa aka raba ɗana da 'yan'uwansa?" A nan na ga amfanin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta: mai unguwa da liman da fasto da ke cikinsa su suka yi wa iyaye bayani, kuma an fi jin tasu a kan tamu. Da mun fara ba tare da su ba, da tsarin bai yi wata ɗaya ba.

Zagin ƙabila ko addini muka cire shi daga hukuncin bulala. Wanda ya yi da wanda aka yi wa za su zauna gaban malamai biyu, Musulmi da Kirista. Wanda aka zaga ya faɗi yadda ya ji, mai zagin ya ba da haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin. In ya maimaita a kira iyaye. Yana cin lokaci, amma bulala ba ta hana yaro rama abin a hanyar gida.

Misalan da suka fi shiga kunnensu na gida ne. Da yawa ba su san akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa tun zamanin mishan ba, ko cewa Janar Yakubu Gowon a can ya tashi, ya kuma yi karatu a Barewa, makarantar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi lokacin tana Katsina. Mun ba su labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba kafin su haɗu a aikin sulhu.

Akwai inda muka tsaya cik. Sabon malami in ya zo sai an sake masa bayani daga farko, wasu kuma suna bin tsarin ne kawai in shugaba na kewayawa. Benci har yanzu ba ya isa. Wanda ya fi damuna shi ne yaran ruga: da rani ya yi tsanani iyayensu suka tashi neman ruwa da ciyawa, sai su ɓace daga rajista. Mun je wurin arɗo tare da mai unguwa, muna neman a riƙa barin masu shirin jarrabawar aji uku a hannun dangi har su gama. Ya ce zai tara mutanensa kafin ya ba mu amsa.